Allurar Tarwaɗa da Garin Karfasa

Ran da Goggota ta zo mana daga Katsina, na biya kasuwar kifi ta Kado a nan Abuja da la'asar, na zaɓi tarwaɗa biyu masu rai daga cikin baho, aka buge musu kai, aka kwarara musu ruwan zafi don yauƙin ya fita. Uwargida ta yi farfesu da citta da kanumfari. Goggo ta buɗe kwano, ta dubi faɗin gunduwar, ta mayar da murfi.

"Ɗan nan, wannan na gulbi ne ko na gida?"

Na ce, "Na kiwo ne, Goggo."

Ta ce ita ba ta cin kifin allura. "Kifin da a wata biyar zai kai kaurin cinyar yaro, ai kai ma ka san ba hakanan ya kai ba."

Ba Goggo kaɗai ke faɗin haka ba. Wanda ya saba zama wurin masu gashin kifi a barikin Mogadishu da daddare, ko a lambunan nan da ake nuna wa mutum kifi yana iyo ya zaɓa a yanka masa, ya sha jin maganar tana yawo daga tebur zuwa tebur, wai duk kifin kwami sai an ɗura masa maganin ƙiba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Da gaske akwai sirinji a gidan ƙyanƙyasar tarwaɗa. Da gaske kuma akwai wani gari da ake cakuɗawa cikin abincin 'ya'yan karfasa. Abin da ya shige wa mutane duhu shi ne, abubuwan nan biyu kowanne da ƙofar da yake bi ya shiga jikin kifi, kuma wanda aka fi tsoro a cikinsu shi ne mai sauƙin al'amari. Na daɗe ina auna su. Allurar ba ta hana ni barci. Garin nake so a sa wa ido.

In aka fasa ƙoƙon kan tarwaɗa aka ɗaga ƙwaƙwalwar a hankali, a ƙarƙashinta akwai wani ɗan farin ƙullutu da bai wuce ƙwayar gero ba, zaune cikin ɗan ramin ƙashi. Masana na kiransa fitutari. A nan ake haɗa sinadarin girma, a nan kuma ake haɗa sinadaran da ke umartar ƙwai ya nuna ya sauka. Girma da haihuwa ɗaki guda suke kwana ke nan, ƙwayoyin da ke kula da su maƙwabtan juna ne. A jikin mutum ko saniya, ƙwaƙwalwa kan zuba saƙonta cikin wasu ƙananan hanyoyin jini su kai wa ƙullutun. A jikin tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa kuwa, zaren jijiyar ƙwaƙwalwar ne da kansa ke kutsawa cikin ƙullutun ya sauke saƙo dab da ƙwayoyin da aka aiko shi gare su.

Masu aiko saƙon kuma ba su da kaɗan. Babbansu mai taka birki ne, sunansa somatostatin, wanda aka fara ganowa a 1973 a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, daga ƙwaƙwalen tumaki. A kifaye da dama ƙwayoyin sinadarin girma kamar famfon da aka bari a buɗe suke, in ba a danne su ba zuba kawai suke yi, to somatostatin ne hannun da ke kan famfon. Sarotonin da noradirenalin su ma an ga suna rage zubar. A ɗaya ɓangaren akwai masu buɗewa: wani da ake kira PACAP, da wani da ke tafiya tare da jin yunwa mai suna NPY, da girelin da ke tasowa daga tumbi, da dofamin, sannan a wasu kifayen har da GnRH, wanda asalin aikinsa tayar da haihuwa ne. In sinadarin girman ya fita ya shiga jini, mafi yawan aikinsa ta hannun hanta yake yi. Yakan je ya ƙwanƙwasa mata, ita kuma ta saki wani sinadarin da ake kira IGF-1, shi ne ke zagayawa ya sa tsoka ta yi kauri, ƙashi ya yi tsawo. A riƙe zancen hantar nan, domin a kanta rabin gardamar take.

Wanda ya fi ba ni mamaki cikin 'yan aiken nan shi ne dofamin. Mutane sun fi saninsa a zancen cutar makyarkyata, wadda ƙarancinsa a ƙwaƙwalwar mutum ke haddasawa. A ƙullutun kifi fuska biyu gare shi. Richard Peter da ɗalibansa a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun shafe shekarun 1980 da farkon 1990 suna bin diddiginsa a jikin jan kifin adon nan da ake ajiyewa cikin gilashi a falo. Sun gano cewa in dofamin ya isa ƙwayoyin girma sai ya ce musu su saki, in ya isa ƙwayoyin haihuwa sai ya ce musu su dakata. Makulli ɗaya ne, amma kwado biyu yake shiga, ɗaya ana ce masa D1 ɗaya D2. A 1989 kuma suka nuna cewa GnRH, a jikin wannan kifin, ban da tayar da haihuwa yana sakin sinadarin girma.

Nan ne zancen ya zo ƙofar gidanmu. Duk masunci ya san lokacin tarwaɗa. Sai ruwan sama ya kankama, gulbi ya cika ya malala cikin fadama, sannan take bin sabon ruwa da dare ta shiga ciyawa ta zuba ƙwai. Ɗagowar ruwan da ƙamshin ƙasar da ciyawar su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwarta lokaci ya yi. A tankin siminti a Kuje ko kwamin tamfol a bayan gida a Kubwa babu ambaliya, babu ciyawa. Cikinta zai cika da ƙwai taf, amma dofamin na riƙe da ƙofa, ba za ta zuba ba. In da a haka aka tsaya, da Nijeriya ba ta zama ƙasar da ta fi kowacce kiwon irin wannan tarwaɗar a duniya ba, domin da sai an jira damina an je an kamo 'ya'yan a fadama.

Dabara ta farko daga Kudancin Amurka ta fito. Bernardo Houssay na Ajantina ya nuna a 1930 cewa ƙullutun wani kifi, in aka sa shi a jikin wani, yana sa shi haihuwa, Rodolpho von Ihering na Barazil kuma ya mayar da abin sana'a a cikin shekarun nan na 1930. Har gobe akwai masu ƙyanƙyasa a ƙasar nan da ke yin haka: su ciro ƙullutun daga kan wata tarwaɗar, su niƙa shi cikin ruwan gishiri, su zuƙa a sirinji. Dabara ta biyu ta fito ne daga binciken dofamin ɗin nan. Peter ya haɗa kai da Lin Haoran na Jami'ar Sun Yat-sen da ke Guangzhou ta ƙasar Sin, suka ce tunda matsalar birki ce, a haɗa abu biyu a allura ɗaya: kwaikwayon GnRH da zai taka totur, da wani magani da zai toshe kwadon D2 don dofamin ya rasa wurin shiga. Aka haɗa farkon sunayensu aka kira hanyar Linpe. Ita ce tushen Ovaprim, wanda kamfanin Syndel na Kanada ya fito da shi, da sauran ire-irensa da ake sayarwa a shagunan kayan kiwo. Maganin toshe kwadon kuwa domferidon ne, wanda ake samu a kemis ana ba mai tashin zuciya.

Na taɓa kwana a wani gidan ƙyanƙyasa a wajen Kuje don in ga aikin da idona. Bayan sallar isha'i mai gidan ya sa aka kamo uwa guda, ya ɗora ta a sikeli, ta yi kilo biyu da ɗan ɗoriya. Ya latsa cikinta da yatsa a hankali, ƙwai biyu-uku suka fito, kore-kore masu ɗan duhu, ya murza su a tafin hannu ya ce sun yi. Yaron gida ya rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul, sai ta yi lamo. Rabin mililita ake ba kowane kilo, don haka abin da ya zuƙa bai fi mililita ɗaya da ɗigo ba. Ya soka allurar a tsokar gadon baya, kusa da ƙayar sama, ya murza wurin da babban yatsa, aka sa ta ita kaɗai a baho aka ɗora katako da dutse a kai, don takan yi tsalle. Ya duba ma'aunin zafin ruwa ya lissafa awoyi, ya ce mini, "Malam, je ka kwanta, da hantsi za mu tatsa." A ruwa mai ɗumi abin bai cika wuce awa 9 zuwa 12 ba, in da sanyi yakan ja.

Da safe aka goge ta da tsumma don kada ɗigon ruwa ya taɓa ƙwan kafin lokaci, mutum biyu suka riƙe ta, ya shafo cikin daga sama zuwa ƙasa, ƙwai ya yi ta kwarara cikin busasshiyar roba kamar an buɗe buhun gero. Namijin ne ya biya kuɗin aikin da ransa, don tarwaɗa namiji ba ya tatsuwa. Sai an farke shi an ciro 'ya'yan marainan, a tsattsaga su da reza, farin ruwan ya ɗiga kan ƙwan. Aka juya da gashin kaza, aka zuba ruwa, aka shimfiɗa ƙwan kan raga a cikin tanki. Washegari war haka ƙasan tankin ya cika da wasu ƙananan abubuwa masu wutsiya suna karkarwa, dubbai a kan dubbai. Cikinsu babu ko ɗaya da allura ta taɓa. Su ne za a raina su zama fingalin, a sayar wa masu kwami, bayan wata biyar ko shida su bayyana a bahon Kado.

Mai kaifin tunani zai ce, to ai kai da bakinka ka ce GnRH na sakin sinadarin girma. Haka ne, a jan kifin ado, da kuma karfasa kamar yadda masu bincike a Jami'ar Tel Abib suka nuna a tsakiyar shekarun 1990. Amma masanan Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, waɗanda suka daɗe suna aiki a kan tarwaɗarmu ta Afirka, sun duba ƙullutunta a 1997 suka tarar ƙwayoyin haihuwa ne kaɗai ke da kwadon da GnRH ke shiga, ƙwayoyin girma ba su da shi. Wato ko a jikin uwar da aka yi wa allurar, maganin bai da hanyar da zai bi ya kai ga girma. Sinadarin girman kansa kuma dangin furotin ne, in aka zuba shi a abinci tumbi zai narkar da mafi yawansa kamar yadda yake narkar da nama. Sai dai a bi kifi ɗaya-ɗaya da sirinji, a kuma riƙa maimaitawa. Mai kifi 5,000 a kwami, wanda kuɗin buhun abinci ke hana shi barci, ina ya ga halin wannan? Waɗanda suka nace sai sun ƙara wa kifi sinadarin girma, hanyar da ta ɓulle musu ita ce sauya ƙwayar halitta, kamar kifin salmon ɗin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015 bayan kusan shekara ashirin ana dubawa. Wannan kuwa ba aikin bayan gida ba ne.

Karfasa matsalarta kishiyar ta tarwaɗa ce. Ita ba ta jiran ambaliya, ba ta jiran allura. Namiji ya share ɗan rami a ƙasan kwami, mace ta zuba ƙwai ɗaruruwa, ta kwashe su a baki ta riƙe. Kwana goma ko fiye tana ɗauke da su ba ta cin abinci, har su ƙyanƙyashe su fara iyo, in sun ga haɗari su koma bakin. Da ta sake su, ba da jimawa ba ta sake ɗaukar wani. A kwami takan balaga tun tana 'yar ƙarama, tun ba ta cika tafin hannu ba. Wanda ya zuba maza da mata tare, bayan wata shida zai ja raga ya tarar da kwami cike da jikoki da tattaɓa-kunne, duk tsumburarru, babu na kai wa kasuwa. Namiji kuwa in ba shi da matan da zai yi wa faɗa da share rami, ci yake yi ya yi faɗi. Saboda haka duk mai kiwon karfasa da gaske, daga Kafr el-Sheikh ta Masar zuwa Filifin, maza zalla yake nema.

A nan garin ya shigo. Ɗan karfasa da ya fito daga ƙwai, jikinsa bai gama yanke shawarar namiji zai zama ko mace ba sai bayan 'yan makonni. Toki-o Yamamoto na Jami'ar Nagoya ta Jafan ya nuna tun shekarun 1950, a jikin wani ɗan ƙaramin kifin gonar shinkafa, cewa in aka ba kifi sinadarin jinsi a wannan taƙin ana iya juya shi. Rafael Guerrero na Filifin na cikin waɗanda suka ɗora dabarar a kan karfasa a shekarun 1970. Abin da ake amfani da shi yau metiltestostiron ne, kwaikwayon sinadarin mazantaka. Miligiram 60 ake narkarwa cikin sifirit, a fesa kan kilo ɗaya na garin abinci, a shanya a inuwa sifirit ɗin ya tashi, a riƙa ba 'ya'yan daga ranar da suka fara ci har kwana 21 zuwa 28. In an yi daidai, cikin ɗari fiye da casa'in maza za su fito, har da waɗanda a jininsu mata ne.

Me ya sa namijin ya fi girma, ban da azumin da mace ke yi? A nan hantar da na ce a riƙe take dawowa. Sinadarin mace, estiradiyol, in ya yi yawa a jini yakan sa ƙullutu ya ƙara sinadarin girma a kifaye da dama. Mutum zai zaci mace ce za ta fi girma ke nan. Sai dai shi wannan sinadarin yana zuwa wurin hanta ya sauya mata aiki: ta rage sakin IGF-1, ta koma haɗa gwaiduwar da za a tura cikin ƙwai. Ƙullutu na ta kira, hanta ta juya baya tana wata hidimar. Masu bincike a cibiyar nazarin halittun teku ta Jami'ar Hawai, ƙarƙashin Gordon Grau, sun ga haka a jikin wata 'yar'uwar karfasarmu ta Mozambik, sun kuma ga sinadarin mazantaka yana ƙara wa kifin girma. Abincin da mace ta ci, kaso mai yawa ƙwai yake tafiya. Na namiji gadon baya yake tafiya.

To, in aka jera su gefe da gefe, allurar uwa guda take taɓawa, sau ɗaya a kowace ƙyanƙyasa, aikinta ya ƙare cikin yini, kuma abin da take yi bai wuce buɗe ƙofar da damina ke buɗewa da kanta ba. Garin kuwa kowane ɗa sai ya ci, kullum sau da yawa, har kusan wata guda, kuma abin da yake sauyawa ya sauyu ke nan har kifin ya mutu. Kwaikwayon GnRH ɗan guntun furotin ne da jiki ke farfasawa da wuri. Metiltestostiron dangin sinadaran nan ne da ake kama 'yan wasa da su, an ƙera shi musamman don ya tsallake tumbi da hanta bai lalace ba, kuma yana aiki a jikin ɗan Adam kamar yadda yake yi a jikin kifi. Wannan bambanci kaɗai ya isa a ce ba ma'auni ɗaya za a ɗora su ba.

Duk da haka ba zan ce wa mai cin karfasa ya ajiye cokali ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya. A makonni huɗun nan ɗan kifin bai cin abin da ya kai giram ɗaya na garin, abin da ya shiga jikinsa na maganin bai kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram ba. Gwaje-gwaje sun nuna yana fita daga namansa cikin 'yan kwanaki zuwa makonni kaɗan bayan an daina, kifin kuma sai ya ƙara wata biyar ko fiye kafin ya hau wuta. Damuwata tana wurin wasu mutum biyu da ba a tambayarsu. Na farko yaron da ke cakuɗa garin. Maganin na iya ratsa fata, ana iya shaƙarsa, kuma na san yadda muke aiki a gonaki: hannu tsirara, fuska a buɗe, a gama a goge a riga a je a ci tuwo. In mace ce ke cakuɗawar, musamman mai juna biyu, abin ya fi muni. Na biyu shi ne mai kamun kifi a ƙasan rafi. Garin da ba a cinye ba yana nutsewa, an kuma tabbatar maganin kan zauna a laka makonni har watanni. An ma ga 'ya'yan kifin da ba a ba su garin ba sun juye maza don kawai ruwa ɗaya suke sha da waɗanda aka ba. Ruwan gonakin yankin nan ƙananan rafuka yake bi, da yawansu su faɗa Usuma, Usuma ta wuce Gwagwalada ta faɗa Gurara, Gurara ta gangara Kwara. Akwai masunta a bakin ruwan nan da ke ci da iyalinsu daga karfasar gulbi, ita kuma tana bukatar matanta.

Akwai kuma halin nan namu na in kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. A wannan garin ba haka ba ne. In aka zarce ƙima ko aka ja kwanakin, sakamakon na iya juyawa, a samu kifayen da ba maza ba ba mata ba, ko waɗanda ba sa haihuwa, wani lokacin ma matan su ƙaru. Magani ne da ya kamata a ce yana hannun gidajen ƙyanƙyasa ƙalilan masu rajista, masu safar hannu da ramin tace ruwa, NAFDAC ta san da su, ƙananan masu kiwo su riƙa sayen 'ya'yan da aka riga aka gama da su. Allurar tarwaɗa kuwa ko an yi kuskure a kanta, asarar a kan mai ita take tsayawa: ƙwai ya zube a baho da dare, ko ya ƙi nuna, ko uwar ta mutu.

Wani wurin da suka sake rabuwa shi ne mafita. Tarwaɗa ba ta da wata hanya mai sauƙi ban da allura, ko ta kwalba ko ta niƙaƙƙen ƙullutu. Karfasa tana da hanyoyi. Akwai tsohuwar dabarar zaɓe da hannu, a jira su ɗan tasa a juya cikinsu a duba al'aurar, aiki mai cin rai da ba a rasa kuskure a cikinsa, mace ɗaya kuma in ta sulale ta isa ta ɓata kwami. Akwai barbarar iri biyu da Isra'ila ta shahara da ita, wadda ke ba da maza mafi yawa. Akwai wasu maza masu ƙwayar halittar da ake ce wa YY, da Jami'ar Swansea ta Birtaniya da Jami'ar Central Luzon ta Filifin suka samar a shekarun 1990, waɗanda kusan duk 'ya'yansu maza ne, kuma kifin da za a ci bai taɓa ɗanɗana magani ba. Akwai ma zafi: masanan Faransa sun nuna a 1995 cewa in aka riƙe 'ya'yan karfasa a ruwa mai zafin kusan digiri 36 a makonninsu na farko, maza kan rinjaya, ko da yake ba kowane iri ke amsawa daidai ba. Ƙasar da Allah ya hore wa rana irin tamu, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da Kainji, ga jami'a a Gwagwalada, ina ganin a nan ya kamata a zuba ƙarfi. Wasu tsofaffin masu kiwo ma sukan jefa 'yan tarwaɗa cikin kwamin karfasa su riƙa cinye 'ya'yan da ake haifa, kifi biyu su fito daga rami ɗaya.

Saura tambayar Goggo, ta yadda kifi ke kai cinyar yaro a wata biyar. Tarwaɗar gulbi rabin shekara tana fama: rani ya zo ruwa ya janye, ta maƙale a taɓo, ta ci yau ta rasa gobe. Ta kwami ana watsa mata abinci mai furotin kusan kashi 40 cikin 100 safe da yamma, ba ta neman komai, ba ta gudun kowa, kilo ɗaya da 'yan kai na abinci ya zama kilo ɗaya na nama. Irin da aka fi rainawa ma zaɓaɓɓe ne, har ana ce masa ɗan Holan, wasu kuma barbarar tarwaɗa da ramboshi suke yi. Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa asirin ba a yawan sinadarin girma yake ba shi ne halin kifin da aka bari da yunwa. In aka auna jininsa, sinadarin girman ya hau sama, fiye da na ƙosasshe, amma IGF-1 ya faɗi, domin hantar da ba ta ga abinci ba ba ta amsa kira. Haka in ruwa ya ƙazantu ko cunkoso ya yi yawa, sinadarin firgici, kotisol, yakan tashi ya danne ci da girma. Kowane mai kwami a Bwari ko Kwali ya san abin da hunturu ke yi masa daga Disamba zuwa Janairu: ruwa ya yi sanyi, kifi ya sauka ƙasa ya ƙi tasowa, abinci ya yi ta yawo a saman ruwa, sikeli ya tsaya cak. Babu allurar da ke gyara wannan, sai rufe tanki da leda da rage abinci da haƙuri har zafi ya dawo.

Na zauna na yi wa Goggo bayanin nan iya yadda zan iya, na nuna mata hoton 'yan ƙyanƙyasar Kuje a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni abin da ban shirya masa ba.

"To ita uwar da aka soka wa allurar, ina ake kai ta?"

Na ce tankinta ake mayar da ita ta huta, bayan 'yan watanni cikinta ya sake cika a sake tatsa. Ta ce in ta tsufa fa? Na ce a nan kam wasu sukan sayar da ita, kuma mai tsoron Allah ba zai kai ta kasuwa ba sai an daɗe da yi mata ta ƙarshe.

Washegari ta ce in kai ta Kado da kanta. Ta bi bahunan ɗaya bayan ɗaya da carbi a hannu, ta wuce manyan nan masu sakakken ciki ba ta ko tsaya ba, ta nuna wasu matsakaita guda uku masu baƙin baya da ke ta bugun gefen roba. Ta ce wa mai kifin, "Yaro, waɗannan za ka kama mini. Ka kuma bar mini kawunan, kada ka yar."